Kukan Wutar Jirgi da Shirun Jimeta

A birnin Kolon na ƙasar Jamus, a shekarar 2004, wata mai fasahar sauti da ake kira Christina Kubisch ta fara wani aiki mai suna Electrical Walks, wato yawon sauraron lantarki. Ana ba mutum na'urar sa wa a kunne da taswirar gari, sai ya kama yawo. Ba waƙa ake saka masa ba. A cikin na'urar akwai naɗaɗɗiyar wayar tagulla. Duk inda wuta ke gudu a waya tana haifar da maganaɗisu a kewayenta, tagullar nan ta kama shi, na'urar ta mai da shi sauti. Ilimin tsoho ne, tun 1831 Michael Faraday ya gano shi.

A tashar jirgin ƙasa na cikin gari ne aikin ya fi armashi. Kafin jirgi ya bayyana, kunne ya riga ya ji shi. In zai tashi, kukan injinsa ya yi ta hawa kamar mai goge yana ɗaga murya, in zai tsaya ya sauko. Daga baya ta haɗa da abin kallo: a aikinta mai suna Cloud ta rataye jajayen wayoyi a cukurkuɗe, mai kallo yana zagayawa, sautin yana sauyawa da takunsa.

Yabon da za mu yi mata shi ne ba ta ƙirƙiri ƙarya ba. Abin da ke nan kullum, wanda ido ba ya gani, shi ta miƙa wa kunne. Har ƙasa ana ganewa da shi: wutar Turai da tamu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, don haka gunjinsu ya bambanta.

To amma akwai inda muke da ja. Aikin ya ɗauka wuta kamar iska ce, kullum tana nan. Yana tambayar yaya kukanta yake, ba ya tambayar wa ya samu, wa ya rasa. Mai sauraro ya ji daɗi, ya cire na'ura, ya tafi gida. A wurinsu wannan ba laifi ba ne. A wurinmu kuwa rabin zance ne.

Ku duba fa. Yola ba ta da layin dogo, sai dai a je Gombe. A Legas ma sai a 2023 layin Blue Line, wanda aka gina don jirgi mai lantarki, ya fara ɗaukar fasinja. In aka sa wannan na'ura daga kasuwar Jimeta zuwa Jambutu, me za a ji? Gunjin taransifoma in akwai wuta. Ƙarar masu walda. Tsuwar inbata a shagunan da suka sa sola. Zuzar caja hamsin a teburin mai cajin waya. Sannan shiru, dogon shiru, a layin da aka ɗauke. Wannan shirun ai labari ne: tela ya ajiye aiki, ƙanƙarar mai zoɓo ta narke.

Shi ya sa muke kira ga yaranmu masu situdiyo da ɗaliban Jami'ar Modibbo Adama: kada ku kwaikwayi jirgin da ba mu da shi. Emeka Ogboh bai aro kukan wani gari ba, hayaniyar danfo da 'yan kamashon Legas ya naɗa, duniya ta saurara. Kayan aikin ba su da tsada: wayar tagulla, ƙaramar amfilifaya da wayar hannu. A dai nisanci taransifoma da wayar da ba ta da rufi, don wuta ba ta san mai fasaha ba.

Ku naɗi unguwa ɗaya tun daga asuba har isha, ku haɗa da hoton masu sana'ar da ke jira. Wanda ya kalla ba zai tsaya ga jin daɗi ba, sai ya tambayi dalili.