Tuba, Gafara da Alheri: Tsokaci a kan Zaɓen Kalmomi a Littafi Mai Tsarki na Hausa

Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a shekarar 1932, aikin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya ya taka muhimmiyar rawa a cikinsa, mafassara suka fuskanci matsala guda. Kalmomin da Bahaushe yake bayyana al'amuran ruhi da su, galibinsu aro ne daga Larabci, kuma sun daɗe da ɗaukar ma'anonin Musulunci. Wannan maƙala ta dubi uku daga cikinsu don a ga ko sun ɗauki nauyin da aka ɗora musu.

Kalmar tuba ta yi dace. Asalinta a Larabci komawa ne, haka kuma kalmar Ibrananci ta Tsohon Alkawari take nufi. Labarin ɗan da ya ɓace a Luka 15 ya tabbatar da wannan, domin yaron da ya cinye gadonsa har ya koma kiwon aladu, tashi ya yi ya nufi gidan ubansa. Sai dai kalmar Girkanci metanoia tana nufin sauyawar tunani ɗungurungum, wanda tuba ba ta cika fito da shi ba. Mai karatu zai iya ɗauka nadama ce kawai da barin laifi.

Inda aka fi samun tangarɗa shi ne gafara. Tushenta na Larabci yana nuni ga rufewa, wato suturta laifi, alhali fi'ilin Girkanci aphiemi saki yake nufi, kamar yadda ake sakin bashi. A Matiyu 18 an ba da misalin bawan da sarki ya yafe wa talanti 10,000, shi kuwa ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa saboda dinari 100. A nan kalmar yafe ta fi gafara kusa da manufa. Bahaushe yana yafe bashi, ba ya gafarta shi. Bugu da ƙari, gafara ta fi karkata ga Ubangiji, yafiya kuwa tsakanin mutum da maƙwabcinsa take, kuma wannan alaƙar ce misalin yake son ya matsa wa mai sauraro a kanta.

Alheri kuma, wadda aka sanya a madadin charis, tana da nata cikas. A al'adar Hausawa alheri abu ne da ake sa ran ya dawo wa mai shi, shi ya sa ake cewa alheri gadon barci ne. Koyarwar Bulus a wasiƙarsa ga Afisawa ta ginu ne a kan kyautar da ba a cancanta ba, wadda ba a iya biya. Saboda haka mai wa'azi a Wusasa ko Kagoro tilas ya tsaya ya yi wa kalmar sharhi kafin jama'a su fahimci cewa wannan alherin ba irin na biki ba ne, wanda ake ramawa.