Tobe Hooper, Rijiyar Kusugu da Tsoron Abin da Ba a Gani Ba

Har yau akwai masu sharhi da ke cewa fim ɗin ban tsoro ba namu ba ne, wai jini ne da ihu kawai. Da alama ba su kalli aikin Tobe Hooper da idon basira ba, ba su kuma saurari labarin Daura da kyau ba.

Hooper daraktan fim ne ɗan Texas a Amurka, ya rasu ranar 26 ga Agusta 2017 yana da shekara 74. Fim ɗinsa na 1974, The Texas Chain Saw Massacre, ya yi ƙaurin suna wajen zubar da jini, har hukumar tace finafinai ta Birtaniya ba ta sake shi ba sai 1999. Amma jinin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba.

A duba kisan farko. Da rana tsaka wani saurayi ya je wani gida neman fetur. Ya yi ta kira, shiru, sai wani gurnani kamar na alade daga ciki. Ya kutsa kai. Wani ƙato ya ɓullo, ya maka masa guduma, ya ja shi ciki, ya banko ƙofar ƙarfe, garam! Shi ke nan. Kyamara ba ta bi su ba. An bar mai kallo a waje yana zuba wa ƙofa ido, zuciyarsa na ƙirƙiro masa abin da ya fi ƙarfin kowane mai kwalliya. Ni a wurina wannan ƙofar ita ce fim ɗin, zarton da ke cikin sunansa ma rakiya ya yi.

Mutanen Daura sun riga Hooper sanin wannan dabara. Baƙo ya sauka da dare a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, ta ce ba a samu sai ranar Juma'a. Nan tsoron yake, a bakin tsohuwa. Ba a tsaya ƙirga mana haƙoran macijin da ke rijiyar Kusugu ba. An dai ce gari guda na kwana da ƙishirwa saboda abin da ke ƙasan Kusugu, har ana kiransa Sarki. Sai da baƙon nan, Bayajidda, ya zura guga macijin ya fito da kai, kuma fitowarsa ita ce ajalinsa. Dodo ma haka yake a tatsuniya: muryarsa ake ji a bakin ƙofa, kowane yaro da irin nasa a ka.

Masu cewa rashin kuɗi da na'ura ne ya hana Kannywood yin fim mai razanarwa ban yarda da su ba. Da ɗan kuɗi kaɗan Hooper ya yi nasa, da 'yan wasan da ba a san su ba. Matsalarmu zumuɗi ne. Tun kafin labari ya kankama an fito da aljani da jajayen idanu na kwamfuta yana ɓaɓɓaka dariya, yara su taya shi.

Daraktan da ke son ya tsorata Bahaushe ya je Daura ya leƙa Kusugu, ya tambayi masu kula da ita yadda suke ba da labarin, sannan ya rage nuna mana aljaninsa.