Bahagon da Kowa Ya San Inda Zai Bi

Duk wanda ya zauna gidan kallo tsakanin 2009 da 2019, lokacin da Arjen Robben yake Bayern Munich, ya san abin da ke biyo baya idan ƙwallo ta iske shi a gefen dama. Yaron da ke leƙe ta taga ya sani. Lamba ukun da ke gaban Robben ya fi kowa sani, don kocinsa ya nuna masa bidiyon har ya gaji. Duk da haka sai Robben ya karkato ciki, ya ɗora ƙwallon a ƙafar hagu, ya lanƙwasa ta can kusurwar raga ta nesa, gola na shawagi a banza.

Ba haka ya taso ba. A PSV, da kuma Chelsea inda ya ci gasar Ingila a 2005 da 2006, ya fi zama a hagu, aikinsa irin na 'yan wasan gefe na da: bi layi, ka jefa wa lamba tara. Sai da ya bar Real Madrid ya koma Jamus gefen dama ya zama gidansa na dindindin, shi bahago a dama, Franck Ribéry mai ƙafar dama a hagu. Ranar da ya fara buga wa Bayern, daga benci ya taso ya zura wa Wolfsburg biyu.

Sirrin yana cikin taɓawar. Robben ba ya tura ƙwallo gaba ya bi ta da gudu. Taɓa ta yake yi ƙanana-ƙanana da bayan ƙafar hagu, kusan kowane taku, ga shi kuma a guje. Mai tsaron baya ba ya samun lokacin da ƙwallon ta rabu da ƙafar balle ya sa tasa. Dole ya riƙa ja da baya, yana ja har ya tsinci kansa a bakin yadi na 18, inda taɓa mutum kaɗan ke jawo fenareti. A nan Robben zai ɗaga ƙafa kamar zai buga. Idan mai tsaron ya miƙa ƙafa don tarewa, nauyinsa ya riga ya sauka gefe guda, sai a ƙara taɓa ƙwallon ciki. Wani ya zo, a sake yi masa haka. Yakan ratsa gaban mutum uku yana jiran ƙofa, kuma shi kaɗai ya san taku na nawa zai saki bugun.

To me ya hana a toshe masa cikin tun farko? Philipp Lahm. Yana zagayowa ta bayansa a kan layi, wanda duk ya rufe ciki ya bar wa Lahm fili fetal. Gaba kura, baya sayaki.

Ba na cewa ba shi da aibi. Yana da rowar ƙwallo, yana da saurin faɗuwa, rauni kuma ya ci masa watanni masu yawa. A 2012 ya zubar da fenareti biyu masu ciwo: ɗaya a gidan Dortmund, Roman Weidenfeller ya kama, ɗaya a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai da Chelsea, a filin Bayern ɗin kansa, Petr Čech ya kama.

Shekara ta zagayo, wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a Wembley, Bayern da Dortmund, 1-1, minti na 89. Ribéry ya tura ƙwallo da dunduniya, Robben ya kutso ta tsakiya, ba ta gefen da aka san shi ba. Ya tsallake ƙafafu biyu, ya yi ido huɗu da Weidenfeller ɗin nan dai. Bai lanƙwasa ba, bai sa ƙarfi ba. Gangara ta ya yi da ƙafar hagu, ta wuce golan a hankali ta kwanta a raga.