Sa ido ya samu waya: nazarin fim ɗin "Ingrid Goes West"

A shekarar 2017, a bikin finafinai na Sundance a Amurka, aka fara nuna "Ingrid Goes West" na Matt Spicer, inda ya samu kyautar rubutun labari. Ƙaramin fim ne da aka yi ba da kuɗin manyan kamfanonin Hollywood ba, amma batun da ya tono ya iso har Ƙonni da Malbaza da Illela, inda wayar salula ta shiga kusan kowane zaure.

Ingrid, wadda Aubrey Plaza ta fito a matsayinta, budurwa ce da mahaifiyarta ta rasu ta bar mata gadon wajen dala 60,000. Sai ta liƙe wa wata Taylor (Elizabeth Olsen), mai baje kolin rayuwarta a Instagram. Ta tattara ta koma Los Angeles, tana cin abin da Taylor ke ci, tana gyara gashi irin nata. Daga bisani ta sace karen Taylor, ta mayar da shi kamar tsintuwa ta yi, don kawai a buɗe mata ƙofa.

Inda fim ɗin ya yi ƙarfi, a ganinmu, shi ne da ya ƙi wanke Taylor. Littafin da take cewa ta fi so, mijinta ya tona cewa nasa ne, ita ba ta taɓa karanta shi ba. Ke nan mai bibiya da wadda ake bibiya duk ƙarya ce ke ciyar da su, sai dai ta ɗaya tana kawo kuɗin talla, ta ɗayan kuwa ta kai ta asibiti. Bahaushe ya san sa ido tun kafin waya, amma ɗan sa ido na da sai ya leƙa katanga. Na yau, mai gida ne da kansa ke miƙo masa hoton ɗakinsa.

Rauninsa kuwa yana wajen makoki. Mai kallo daga Alela zai tambaya: ina gwaggo, ina kawu, ina masu zuwa gaisuwa? Maraicin Ingrid shi ne tushen ciwon, amma Spicer ya ɗan taɓa shi ya wuce, ya fi ba barkwanci fili, har da Dan, mai gidan hayarta da ya haukace a kan Batman.

Ƙarshen ne ya fi damun mu. Ingrid ta ɗauki bidiyon kanta tana yunƙurin kashe kanta, aka ceto ta, ta farka ta tarar dubban mutane na yi mata saƙon ƙauna, ta yi murmushi. Babba zai gane ba'a ce mai ɗaci. Yarinya ƴar shekara 15 tana iya ɗauka cewa ta haka ake samun masoya. Malamin da ke son kai fim ɗin aji ko taron ƙungiya, ya fara kallon sa shi kaɗai, domin akwai shaye-shaye da batsa a ciki, sa'annan ya tsayar da shi kafin wannan murmushin, ya tambayi ɗalibai abin da suke zaton zai biyo baya.