Sotigui Kouyaté: Jalin da ya iya shiru

Ranar 17 ga watan Afrilu na 2010 Sotigui Kouyaté ya rasu a birnin Paris yana da shekaru 73, aka kai gawarsa Wagadugu aka rufe. Jaridun Turai da suka ba da labarin rasuwar kusan duk da kalma guda suka siffanta shi, wato dattijo mai hikima. Yabo ne, amma yana rufe aikin mai shi, domin yakan sa a zaci mutumin bai yi komai ba sai tsayawa gaban na'urar ɗaukar hoto da doguwar jikinsa, a ɗauka, a tafi. Wanda ya bi wasanninsa ɗaya bayan ɗaya zai tarar da sana'a, da wahalarta, da kuma wani tarko da bai tsallake shi kowane lokaci ba.

An haife shi a Bamako a 1936, ya tashi a ƙasar da ake kira Haute-Volta a wancan zamani, Burkina Faso ta yau. Gidansu gidan jali ne. A ƙasar Manden, zuri'ar Kouyaté tana danganta kanta da Balla Fasseke, jalin sarki Sunjata Keita. A nan ya kamata mai karatu Bahaushe ya yi hattara, kada ya fassara jali da maroƙi kai tsaye. Suna da tarayya wajen kirari da sanin asalin gidaje, sai dai jali yana ɗauke da wani nauyi daban: shi ne ma'ajin tarihi, shi ne ɗan aike tsakanin masu husuma, shi ne kuma mai faɗa wa sarki abin da wani ba ya iya faɗa. Da wannan gado Sotigui ya hau dandamali, kuma bai hau da wuri ba. Ƙwallon ƙafa ya fara yi, har ya riƙe kyaftin na ƙungiyar ƙasa, sai a 1966 ya shiga wasan kwaikwayo ya kafa ƙungiyarsa.

Abin da ake yawan mantawa shi ne, hanyarsa ta silima ta bi ta hannun ɗan Nijar. Moustapha Alassane ya sa shi cikin FVVA a 1972, fim ɗin da ke yi wa ƙananan ma'aikata ba'a kan kwaɗayin mata, gida, mota da kuɗi, wanda Zalika Souley da Djingarey Maïga ma suka fito a ciki. Ya sake sa shi cikin Toula, labarin fari da hadayar budurwa da aka ɗauko daga Boubou Hama. Matasan Maraɗi da Damagaram da suka san sunan Sotigui sun fi waɗanda suka taɓa ganin finafinan nan biyu yawa, kuma laifin ba nasu ba ne, tun da samun su ya fi ƙarfin ƙaramar ƙungiyar al'adu.

Peter Brook, Baturen Ingila da ke jagorantar gidan wasa na Bouffes du Nord a Paris a wancan lokaci, shi ne ya juya rayuwarsa. A 1985 ya gabatar da Mahabharata, babban labarin Indiya, a bikin Avignon, cikin wani tsohon ramin fasa dutse, wasa na kimanin awa 9 wanda Jean-Claude Carrière ya rubuta. Sotigui ya fito a matsayin Bhishma, jarumin da ya yi rantsuwar ba zai yi aure ba, aka ba shi ikon zaɓar lokacin mutuwarsa, ya ƙare kwance kan gadon kibau yana jiran sa'arsa. A 1989 aka mai da wasan na talabijin da silima, kuma ta nan ne mafi yawan mutane suka gan shi. Masu sharhi na Indiya, irin su Rustom Bharucha, sun zargi Brook da cire labarin daga ƙasarsa da addininsa don ya yi wa Turawa daɗin kallo, kuma zargin yana da tushe. To amma a kalli abin da ɗan wasan ya yi da rabonsa. Bhishma mutum ne da rantsuwa ta ɗaure, yana yaƙi a gefen da ya san ba shi da gaskiya. Sotigui bai nuna wannan da kuka ko ɗaga murya ba. Yakan jinkirta amsa, ya bar tambaya ta tsaya a iska, sannan ya yi magana kamar mai auna hatsi a shekarar yunwa. Ɗan gidan da magana ce dukiyarsu ya gane cewa darajarta tana cikin tsimi.

Daga nan ya zauna da Brook kusan shekaru 20. Ya yi Prospero cikin La Tempête ta Shakespeare a 1990, zaɓin da ya kife al'adar da aka saba, inda baƙar fata yakan samu rabon bawa Caliban, mai sihiri da mulkin tsibirin kuwa ya zama Bature. A 2004 ya yi Tierno Bokar, malamin Bandiagara wanda Amadou Hampâté Bâ ya rubuta rayuwarsa, wanda rikicin ƴan Tijjaniyya kan karanta Jauharatul Kamali sau 11 ko sau 12 ya ci shi, Faransawa na hura wuta, har ya rasu a ware, danginsa sun juya masa baya.

A nan ne tarkon yake. Tierno Bokar ya dace da shi fiye da kima. Idan mai kallo ya ga siririn dattijo cikin farar riga ya zauna kan tabarma, ya riga ya yarda da shi tun bai buɗe baki ba, kuma wasan da aka yarda da jaruminsa tun farko ya rasa rabin ƙarfinsa. Masu shirya fim na Turai sun gano cewa fuskar nan tana sayar da wata Afirka da suke so, mai haƙuri, mai karin magana, marar fushi, marar sha'awa. Sau da yawa abin da suka nema gare shi ke nan, shi kuma ya bayar. Ba a tsammanin ɗan wasa baƙo a Paris ya ƙi aiki, amma mai sharhi ba zai kira kowace fitowa gwaninta ba don kawai mai ita ya cancanci girmamawa.

Inda ya fi burgewa shi ne inda aka bar dattijon ya yi laifi. Cikin Keïta, fim ɗin ɗansa Dani Kouyaté na 1995 wanda ya ci kyautar Oumarou Ganda a FESPACO, ya fito a matsayin Djéliba, jalin da ya sauka gidan wani ma'aikaci a birni, ya ɗaura ragarsa ta kwanciya a tsakar gida, ya fara ba yaro Mabo labarin asalin sunansa. Yaron ya shagala har ya daina zuwa lakwal, malaminsa ya zo ƙorafi. Malaman makaranta da ke nuna wannan fim ga ɗalibai sukan karanta shi a matsayin nasarar gargajiya kan boko, alhali Sotigui ya saka wa Djéliba taurin kai da ɗan son kai: ya hargitsa gida, ya haɗa miji da mata faɗa, ya tafi bai ƙarasa labarin ba. Cikin La Genèse na Cheick Oumar Sissoko, a 1999, ya yi Annabi Yakubu da harshen Bambara, uban da baƙin cikin rashin Yusufu ya sa ya shige tanti ya bar jama'arsa cikin rikici. A Little Senegal na Rachid Bouchareb, a 2001, Alloune tsohon jagoran baƙi ne na gidan bayi na Gorée da ya tafi Amurka neman jikokin danginsa da aka sayar, ya isa Harlem da wa'azinsa, ya tarar ba mai jiran sa, sannan ya faɗa soyayya da matar da ya je nema a matsayin ƴar'uwa.

London River, na Bouchareb ɗin dai, a 2009, shi ya tattara duka. Bayan hare-haren 7 ga watan Yuli na 2005 da suka kashe mutum 52 a London, Ousmane, ma'aikacin gandun daji a Faransa, ya zo neman ɗansa Ali wanda ya bari yana ɗan shekara 6. Brenda Blethyn ta fito a matsayin Baturiya manomiya mai neman ɗiyarta, wadda ta tsorata da jin cewa yarinyar tana zaune da Musulmi kuma tana koyon Larabci. A sama-sama, rabon da aka saba ne: ita ce mai firgita, shi ne mai natsuwa. Amma shirun Ousmane na kunya ne. Uba ne da bai san kamannin ɗansa ba sai a hoto, wanda a ransa yake tsoron kada ya zamana yaron na cikin masu tayar da bama-baman, kuma ba shi da hujjar rantsewa cewa ba ya ciki, tun da bai rene shi ba. Sotigui yana fama da ciwo a lokacin ɗaukar fim ɗin, tafiyar da yake yi a hankali da sanda ba duka ce ta kwaikwayo ba, sai dai ya san yadda zai sa raunin jikin ya yi wa labarin aiki. Alƙalan bikin Berlin sun ba shi lambar azurfa ta gwarzon ɗan wasa a watan Fabrairu na 2009, wata 14 kafin rasuwarsa.

Bai yanke da gida ba duk tsawon zamansa a Turai. A ƙarshen shekarun 1990 ya haɗu da Habib Dembélé, Alioune Ifra Ndiaye da Jean-Louis Sagot-Duvauroux suka kafa Mandéka Théâtre a Bamako, suka yi Antigone, shi ya riƙe rabon Créon, sarkin da ya hana a rufe gawa. Wannan zaɓi nasa ne, ba na wani Bature ba, kuma abin lura ne cewa da aka bar shi da kansa sai ya ɗauki azzalumi. Wasan kwaikwayon Hausa na Nijar, wanda ya bunƙasa a bukukuwan samariya da rediyo da talabijin, ƙarfinsa na cikin saurin baki da raha da cika fage da hayaniya, kuma rabon mai gari ko liman yakan zama hutu ga ɗan wasa: rawani, gyaran murya, sai nasiha. Ƙungiyar da ta samu London River ta tsai da shi a wurin da Ousmane ke miƙa wa matar hoton ƴaƴansu biyu, ta ƙirga daƙiƙa nawa ya yi kafin ya ce uffan, ta kuma duba abin da hannuwansa ke yi a tsakanin.