Yadda Taswirar Waya Ke Auna Tudu da Kwarin Arewa

Manhajar taswira mai nuna tsawon ƙasa za ta gaya maka cewa Dogon Dutse yana sama da mita 200 bisa teku. Teku kuwa sai an dangana da Kwatano, ɗaruruwan kilomita. To wa ya ja igiyar awo daga can?

Daga sama aka yi awon. A watan Fabrairun 2000, kumbon Amurka mai suna Endeavour ya yi kwana 11 yana kewaya duniya yana harba igiyoyin rada zuwa ƙasa. Eriya biyu ke karɓar amon da ke dawowa, ɗaya a jikin kumbon, ɗaya a kan sanda mai tsawon mita 60. Kamar yadda ido biyu ke rarrabe kusa da nesa, ɗan bambancin da ke tsakanin amon biyu shi ya fitar da tsawon kowane wuri. Aka yanka doron ƙasa murabba'i-murabba'i, kowane kusan mita 30, aka ba shi lambarsa. Rada kan tsaya a kan itatuwa da rufin gidaje, amma Arewa ba duhun daji, shi ya sa awon nan ya fi kusantar gaskiya.

Gwanintar da ta fi burge ni ita ce mayar da lambobin abin gani. Kwamfuta takan haɗa wuraren da tsawonsu ɗaya da layi. Inda layukan suka cunkushe, gangare ne mai tsauri, irin gefen duwatsun da ke bayan garin Dogon Dutse. Inda suka ware, fadama ce. Sannan a ƙaga rana ta arewa maso yamma, a zuba inuwa, sai ga kwarin Dallol Mawri ya fito fili, ya bi ta Matankari da Dogon Dutse ya gangara Tibiri.

GPS na waya ma yana ba da tsawo, sai dai kuskurensa a tsaye ya fi na kwance yawa, yakan kai mita goma ko fiye. A cikin dallol kuwa mita ɗaya ke raba gida da tafkin damina. Don haka mai shirin gina gada ko magudanar ruwa yakan fara da taswira don ya ga inda ruwa ke nufa, sannan ya kira mai awon ƙasa ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku, yaronsa ya riƙe sandar awo, su bi ƙoramar taki-taki har su sami bambancin santimita.