Mai Gano Gida Daga Bakin Yaro

A ce an tsinci yaro ɗan shekara biyar a tashar Unguwa Uku da magariba, ya sha kuka har muryarsa ta dishe. Sunanka? Abba. Sunan babanka fa? Baba. Ina ne garinku? Gidanmu. To, Abba nawa ne a Kano? 'Yan kamasho za su miƙa shi gidan mai unguwa, a yi cigiya a masallaci da rediyo. In aka kwana biyu shiru, sai ya faɗa hannun jami'ar walwala ta ma'aikatar mata, wataƙila a gidan yara na Nassarawa. A nan ne ake ganin gwaninta.

Gwanar jami'a ba ta farawa da tambaya. Abinci tukuna, da wanka, sannan ta zauna a tabarma yadda idonta zai yi daidai da nasa. Ta san yaron da ya firgita amsar da yake zaton kana so ita yake ba ka. Ka ce masa daga Zariya kake, ya gyaɗa kai. Ka ce Gusau, ya sake gyaɗawa. Shi ya sa ba ta taɓa sa masa sunan gari a baki. Kunne take kasawa. In ta ji ya ce "biyat" ko "shina zuwa" ko "tahi", ta san ba ɗan birnin Dabo ba ne, hankalinta ya koma wajen Sakkwato da Zamfara da Katsina. Harshe ya rage mata rabin tafiya tun ba ta sa takalmi ba.

Sauran rabin kuwa ta gefe take ɓullo masa, cikin wasa. Me Inna take sayarwa? Wa ke kai tallan? Yaya sunan malaminku na allo? Jirgin ƙasa yana wucewa ta wajenku? Yaro bai san sunan ƙaramar hukuma ba, amma ya san ranar da babansa ke dawowa da tsire a takarda. In ya ce ranar da ake zuwa babban masallaci ce, kuma garin na cika da shanu, kuma akwai gada a kan ruwa, ai Wudil ta faɗo a rai, tunda kasuwarta Juma'a take ci. In raƙuma yake ambato da baƙi masu rawani, sai a tuna Maigatari da kasuwarta ta Alhamis, can bakin iyaka da Nijar. Ta ba shi tsinke ya zana gidansu a ƙasa: ga rijiya, ga bishiyar darbejiya, ga inda akuya ke kwana. Duk tana rubutawa, har abin da ya yi kama da shirme, don sau da yawa shirmen ne ke zama makulli bayan mako guda.

Ranar da aka kai shi garin da ake zato, akan bi ta sarkin tasha da dagaci da liman. Amma ita ƙafar yaron take kallo. Da ya fara jan hannunta yana gaba tana baya, an iso.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka an gama ke nan. Ni kuwa a ganina nan ne aikin ya fi nauyi, kuma nan ake bambance jami'ar gaske da mai cike takarda kawai. Ba duk wanda ya zo yana hawaye ne uba ba. Mutanen Kano ba su manta da 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka gano yara 9 da aka sace aka kai Anambra, har an sauya musu suna. Don haka mai cewa ɗansa ne, sai ya faɗi tabon da ke jikin yaron tun bai gan shi ba, ya faɗi kayan da ya sa ranar da ya ɓata, mai unguwarsa kuma ya tsaya masa. Sannan ta lura da yaron kansa: rugawa ya yi, ko kuwa bayan zanenta ya ɓuya?

Wanda ya ɓuya, akwai magana. Wani yaron ba ɓata ya yi ba, gudowa ya yi: daga duka, ko yunwa, ko gidan da uwa ta fita aka bar shi hannun wadda ba ta ƙaunarsa. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta sa maslahar yaro gaba da komai, amma doka ba ta shiga zaure ta zauna. Jami'ar ce ke shiga. Ta gaisa da maigida da ladabi, "Baba, mun same ku lafiya?", ta ƙarasa cikin gida wajen mata, ta ga wa ke amsa tambaya, wa ke sunkuyar da kai, ko an ɗora tukunya yau. Ba ta zo tona asiri ba, don ta san in ta kunyata mutum gaban iyalinsa, yaron ne zai biya bayan ta tafi. In gidan ba zai yiwu ba, sai ta nemi kaka ko goggo ko kawu, a yi magana gaban mai unguwa. Gidan marayu shi ne zaɓinta na ƙarshe.

Aikin kuma ba kaɗan ba ne. A 2019 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ce kusan mutum 22,000 aka kai mata rahoton ɓatansu a Najeriya, galibi sanadin rikicin arewa maso gabas, kuma fiye da rabinsu yara ne lokacin da suka ɓata.

Bayan makonni da mayar da yaron, sai jami'ar ta koma gidan su Abba ba tare da ta aika ba. Ta duba ko ya yi ƙiba, ko ya koma makaranta, ko yana fita wasa da sa'anninsa. In ya hango ta ya ɗaga hannu ya ci gaba da buga ƙwallonsa, sai ta ciro biro ta rufe fayil.